Kaset ɗin Kumbo Ya Rasu Saura Minti Shida

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Tela, a madadin kaina da iyalina da ɗaukacin masu zaman Asabar a bayan shagona, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon abokin zamanmu, baƙin kaset na bidiyo mai ɗauke da fim ɗin nan na 'yan sama jannati da muke kira Kumbo. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe shida saura kwata na yamma, a gaban mutum goma sha huɗu, yana bakin aikinsa. Shekararsa talatin da huɗu a duniya. Ya cika saura minti shida fim ya ƙare.

Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya daure ya karanta ta har ƙasa kafin ya kira ni a waya. Akwai magana a cikinta da ba zan iya maimaita wa mutum goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya ba.

An haifi marigayi wata Lahadi da rana, ina saurayi ina koyon ɗinki. Sau ɗaya tak gidan talabijin ya sa fim ɗin, ni kuwa na tsuguna gaban na'urar bidiyon mahaifina, yatsana a kan jan madanni. Na ɗauke shi daga farko har ƙarshe, har da tallan sabulu guda biyu da wata baiwar Allah da ta fito tana ba da haƙuri saboda hoto ya ɗauke. Tun daga ranar marigayi bai taɓa yi mini gardama ba. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana, abin da aka ba shi shi yake mayarwa, ba ragi ba ƙari. Ya bi ni tashin gida uku. Ya tsira daga yoyon rufi, ya tsira daga ɓeraye, ya tsira daga 'yata Auta lokacin tana ƙarama, wadda ta taɓa jan sa da igiya a tsakar ɗaki a matsayin mota. In aka tura shi cikin na'ura sai ya ce ƙwaraƙ-ƙwas, ya yi ɗan nishi, zuuu, sannan kiɗan farko ya taso yana rawar murya irin ta tsofaffi. Wallahi har yanzu ina jin wannan nishin a kunnena in na zauna kan keken ɗinki.

Ya bar abokiyar zamansa, tsohuwar na'urar bidiyo, wadda yanzu ake zargi da hannu a mutuwarsa, alhali ba ta ji ba ta gani ba. Ya bar talabijin mai tudun baya, da rimot marar murfi, da kwalin da ya kwana ciki shekara talatin da huɗu. Ya kuma bar masoya da suka rabu gida biyu a kansa tun shekara goma sha tara da suka wuce.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, kumbo ne na dakon kaya ya taso daga wata duniya mai nisa da mutum biyar a ciki. Sunayensu sun fi ƙarfin bakinmu, don haka muka raɗa musu namu. Babbansu Kyaftin, mai gyaran injinsu kuma Dogo. Can wajen ƙarshe wani ƙarfe ya maƙale a bayan kumbon, Dogo ya fita da igiya a ƙugu ya gyara, igiyar ta tsinke, ga ruwan duwatsu na tahowa. Kyaftin ya tsaya bakin ƙofa da hannu a kan mariƙi, ya dubi Dogo, ya dubi sauran mutum ukun, ya rufe. Kumbo ya tafi, rubutun ƙarshen fim ya hau. Haka yake a faifai, haka yake a wayar kowa.

Kowa da ra'ayinsa a zamanmu. Malamin Lissafi, wanda ya yi ritaya amma bai ajiye alli ba, ya taɓa cika bayan kwalin yadi da lambobi don ya nuna mana iskar numfashin da Dogo ke goye da ita ba za ta wuce minti arba'in ba, saboda haka ko an koma gawa za a tarar. Direba ya ce shi dai a iya saninsa babu direban kirki da zai bar abokin tafiya a hanya, ko da taya uku za a koma. Maiɗakina kuwa cewa take manyan mutane masu jikoki sun zauna suna ɓata rai a kan wasu da suka kifa tukwane a ka suna lilo da igiya. Duk wannan gardamar daɗi ce, da ita muke shan shayi.

Wadda ba ta daɗi ba ita ce tawa da Yaya Mai Rediyo. Ya girme ni da shekara huɗu, shagonsa na gyaran kayan wuta layi biyu ne daga nawa, shi ya fara kai ni kallon fim, shi ya tsaya mini ranar aurena. Wata Asabar ya ce Kyaftin ya yi daidai, kowa ma rufewa zai yi. Raina ya ɓaci, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai Kyaftin ya juya kumbo ya dawo ya ɗauki Dogo, a talabijin an nuna, masu faifai ne suka yanke, kuma yana nan a kaset ɗina. Yaya ya yi dariya ya ce, “Haba Tela, ni ma fa na kalla ranar. Bai dawo ba.” Mutane suka juyo suna dubana. Na miƙe tsaye, a gaban kowa, na ce masa ƙarya yake yi, kuma ya saba. Ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya fita. Bai sake taka bayan shagona ba.

To ga maganar da na ce ba zan iya maimaitawa ba. Yaya ne mai gaskiya. Na kalli marigayi ya fi sau ɗari, na san kowane tari da ke cikinsa. Ƙofa na rufewa, kumbo na tafiya, rubutu na hawa, sai shhh. Babu wani dawowa. Na sani a ranar da na faɗa, na kuma sani kowace Asabar da ta biyo baya.

Amma magana ta riga ta fita ta yi 'ya'ya. Zama ya rabu, ga 'yan Ya Dawo, ga 'yan Bai Dawo Ba, ni ne kuma shugaban 'yan Ya Dawo tunda ni ke da shaida a ajiye. Direba ya riƙa kawo baƙi yana nuna ni da baki, wai ga mutumin da ke da asalin fim ɗin. Da aka matsa mini na ƙara gishiri. Na ce fitilun kumbo kore suka koma da ya juyo. Na ce Dogo ya ɗaga hannu ɗaya. Har na fara ganin abin a idona in na rufe shi. Duk sanda aka ce in kawo kaset sai in ce na'ura ta lalace, kuma gaskiya ne ta lalace a shekarar. Mai iya gyara irinta mutum ɗaya ne ya rage, kowa kuma ya san abin da ke tsakanina da shi, sai aka daina tambaya. Marigayi ya kwanta a saman kabad yana riƙe da sirrina shekara goma sha tara, bai taɓa tona ni ba.

Rashin lafiyarsa ta ajali ta faro ne mako uku da suka wuce, ranar da Malamin Lissafi ya shigo shago ya ja kujera ya zauna ba tare da ya tambayi ɗinkinsa ba. Ya ce idon Yaya Mai Rediyo ya yi rauni ƙwarai, zai rufe shago ƙarshen wata, 'yarsa za ta zo ta tafi da shi garin da take aure. Ya ce Yaya ya aiko shi da saƙo: in kawo na'urar, ita ce aikin ƙarshe da zai yi a kan teburinsa. In aka kalla Kyaftin ya dawo, zai miƙe a gaban jama'a ya ba ni haƙuri, don ba ya son ya bar gari da nauyin kowa a wuyansa. Ina riƙe da allura lokacin, ban san sanda na soke babban yatsana ba. Na ce to, madalla, ai haka ake so. Me zan ce?

Malamin da kansa ya ɗauki na'urar ya kai. Na yi addu'ar kada ta gyaru, Allah ya yafe mini. Ranar Juma'a aka dawo da ita tana sheƙi, an sa mata sabuwar roba, an goge mata kai, har ƙurar bayanta an share.

Asabar da safe, bayan an watse daga karin kumallo, na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na sa marigayi a na'ura, ya ce ƙwaraƙ-ƙwas kamar jiya muka rabu. Na gudu da shi har inda Dogo ke ɗaura igiya a ƙugu, na tsayar, na fito da shi. Na danna gefensa murfi ya buɗe, ga zarensa baƙi siɗik yana ƙyalli. Na ɗauko ɗan almakashina na tsinke zare, na yi masa 'yar tsaga a gefe, don in na'ura ta ja shi ya yage da kansa a ce tsufa ne. Hannuna bai yi rawa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Daga nan tsoro ya kama ni kada ya tsinke wajen mayarwa, sai na zauna ina juya shi baya da yatsa, a hankali a hankali, kusan awa biyu. Ina cikin haka maiɗakina ta turo ƙofa. Ta dubi kaset, ta dubi almakashi a kan gado, ta ce, “Baban Auta, me kake yi wa wannan abu?” Na ce ƙura nake share masa. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ja ƙofar ta fita.

Ƙarfe huɗu saura ɗakin bayan shago ya cika, har da waɗanda suka shekara ba su leƙo ba. An tura kekunan ɗinki jikin bango, an jera benci uku. Yaya Mai Rediyo ya shigo daga ƙarshe, Malamin Lissafi na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Na ce, “Sannu da zuwa, Yaya.” Ya ce, “Yauwa Tela, mun same ku lafiya?” Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan bayan shekara goma sha tara. Aka zaunar da shi dab da talabijin, hancinsa kamar zai taɓa gilashi.

Marigayi ya yi aikinsa na ƙarshe da mutunci. Hoto ya fito tas, kiɗa ya taso da rawar muryarsa, aka yi shewa da tallan sabulu. Ni kuwa ina tsaye jikin ƙofa, rigata ta jiƙe sharkaf, ga fanka na juyawa. Direba sai juyowa yake yana kashe mini ido, yana cewa yau za a ga ƙarshen gardama. Da aka zo inda Dogo ke ɗaura igiya na riƙe numfashi. Ya ɗaura, ya buɗe ƙofa, ya fita. Zare bai tsinke ba. Ya rarrafa bayan kumbo, ya kama ƙarfen nan, ya fara bugu. Bai tsinke ba. Na ce shi ke nan, awo ya kuɓuce mini, yau asirina a tsakar kasuwa. Igiyar Dogo ta katse, Kyaftin ya ɗora hannu a kan mariƙi. A nan hoto ya karkace, ya yi layi-layi. Marigayi ya ce ƙiiii, ya ce ƙurrr, ya ce ƙwas. Gilashi ya koma shuɗi.

Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Na ɗauka za a yi salati a ce tsufa, a watse. Sai Direba ya miƙe yana huci ya nuna Yaya da yatsa. Ya ce wa ya gyara na'urar nan? Ya ce kaset ya shekara talatin da huɗu lafiya lau, sai yau da ya shiga injin da abokin gaba ya taɓa zai mutu, kuma daidai wurin shaida? Ya ce an ɗana tarko ne don kada gaskiya ta fito. 'Yan Ya Dawo suka ɗauka, hayaniya ta kaure, wani har ya ce tsufa bai hana mugun hali ba. Malamin Lissafi na ta cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa. Ina tsaye, bakina a rufe, kalma ɗaya za ta kashe wutar, ban faɗe ta ba. Yaya ya miƙe daga inda yake zaune. Ya lallaɓa ya zaro gawar daga na'ura, zare na reto, ya naɗe ta a hankici. Ya ce zai buɗe ta Litinin da safe, mai ita ya zo ya tsaya a kai.

Litinin na je. Rabin shagon an riga an ɗaure a kwalaye, sai teburin da fitila ɗaya da kujeru biyu. Ya kwance kusoshi biyar da lalube, ya jera su a murfin kwalba, ya ɗaga fuskar marigayi. Ya kamo bakin zaren biyu ya haɗa su a ƙarƙashin fitila, ya kawo su dab da ido, bai gani ba. Sai ya ajiye gilashinsa ya bi gefen zaren da kan yatsa. Ya bi sau ɗaya, ya dawo, ya sake bi, ya tsaya wuri guda.

A nan na gane kuskuren da na yi. Da wani ne, tsaga ɗaya zai yi a karkace ya wuce. Ni hannuna ya yi abin da ya saba shekara talatin: na cire ɗan ƙaramin yanki mai baki biyu, daidai wa daida, irin alamar da muke yi a gefen yadi don mu gane inda hannun riga zai haɗu da kafaɗa. Babu na'urar da ke yin wannan yanka, babu ɓeran da ke yin sa. Yaya kuwa ya zauna kusa da teburin yankana shekaru, ya san alamar kamar yadda ya san sunansa.

Salatif na gefen hannunsa na dama. Da ya so, minti biyar ya ishe shi ya haɗa zaren, ya kira jama'a, ya wanke kansa tas. Na tsaya ina jin bugun agogon bango. Can ya ce, “Tsufa ne, Tela. Zaren ya ruɓe, ba zai haɗu ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Wataƙila ma robar da na sa ta yi tsauri. Ido ya tafi, sai haƙuri.” Ya mayar da kusoshi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe gawar, ya miƙo mini da hannu biyu. Da na kai bakin ƙofa ya ce in gaida maiɗakina da Auta.

Haka ya faɗa wa Malamin Lissafi, haka Malamin ya sanar da jama'a, Direba kuma yana ta yawo da ita cewa ai ga shi ya amsa laifinsa da bakinsa. Mutumin da na kira maƙaryaci a kan gaskiya, yau ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri, kuma ranar Lahadi zai bar garin nan da sunan wanda ya kashe kaset. Kwana uku ke nan na kasa zura zare a allura. Na ɓata wuyan rigar mutane biyu. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tunda aka haife ni.

Saboda haka ina gyara sanarwar da aka yi. Marigayi bai mutu da tsufa ba, na'ura ba ta da laifi, robar da aka sa mata daidai take. Ni na kashe shi da almakashina, a ɗakina, ranar Asabar da safe, don kada ya faɗi abin da ya sani. Kyaftin bai dawo ba. Fitila ba ta koma kore ba, Dogo bai ɗaga hannu ba, ni na ɗinka wannan duka. Direba, ka yi haƙuri, kai ma na sa ka zagi babba a banza, kuma ka san inda za ka kai naka ban haƙurin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a ɗakin bayan shagona. Kafin a rufe marigayi a kwalinsa, zan haɗa zarensa da hannuna, a bar shi ya ƙarasa minti shidan da na hana shi, kowa ya gani da idonsa. Bayan rubutu ya gama hawa zan miƙe a inda na miƙe shekara goma sha tara da suka wuce, in faɗi abin da ke cikin takardar nan da bakina. Ba a buƙatar ta'aziyya, kada kowa ya ce mini sannu. Masu son zagi su zo da wuri, benci uku ne kawai.

Malamin Lissafi, kai na fi roƙo. Ka kai wa Yaya takardar nan ka karanta masa da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka sassauta mini. Ban aika a ɗauko shi ba, don ba ni da fuskar da zan aika. Ban sani ba ko zai zo, motarsu Lahadi da sassafe za ta tashi.

Za a fara ƙarfe huɗu daidai. In bai iso ba, za a jira.